Baƙin Dandali: 'Yan Birni a Gaban Makaɗan Karkara

Kowace shekara takardar canjin wurin aiki tana kwaso mutane daga birnin Kano ta watsa su Ɗambatta da Bichi da Kunci da Makoɗa da Tsanyawa: malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, malaman gona, 'yan bautar ƙasa. Da damina ba mai lokacinsu, domin a wannan yanki ba a barin ƙasa ta huta. Gero da dawa da wake da gyaɗa sun cinye ko'ina har bakin kwalta. Sai amfani ya shiga rumbu, kuɗin gyaɗa ya shiga aljihu, sannan gari ke warwarewa: ga bukukuwan aure, ga dambe da kokawa, ga kalankuwa, ga sharon Fulani. A nan baƙo ke tona kansa, don ganga ba ta rufa wa kowa asiri. Ga su nan iri-iri.

Na farko Malam Ba-Komai. Tun ranar da ya sauke katifarsa ya yanke hukunci: "Garin nan ba komai." Ranar Juma'a kafin a yi kiran salla yana tasha ya kama motar Kano, sai Litinin da hantsi ya dawo riƙe da ledar burodi. Shi kuwa gari tsakanin Juma'a da Lahadi yake ɗaura aurensa, ya kai amarensa, ya cika dandalinsa. Malam ya yi shekara da shekaru bai taɓa ganin kalangu ba sai a rataye a kafaɗar wani a bayan babur. In an tambaye shi labarin mutanen garin sai ya ce, "Masu kirki ne, sai dai da an yi isha'i sun kwanta."

Na biyu Alhajin Wata Ɗaya. Ya zo kallo ne kawai, bai san sanƙira ya riga ya gama bincike a kansa ba: sunansa, sunan mahaifinsa, unguwar da ya fito a birni, har ranar da albashi ke shigowa. Kafin ya sami wurin zama an rangaɗa masa kirari, an haɗa shi da kakan da shi kansa bai san da shi ba. Kai ya kumbura, hannu ya shiga aljihu, aka yi ta liƙi har da kuɗin haya. Sati na zagayowa sai ga shi wurin mai shayi yana cewa a rubuta. Daga ranar in ya jiyo kiɗa sai ya zagaya ta bayan gari. A banza, domin maroƙi makami biyu gare shi: aljihun da yabo bai buɗe ba, habaici zai buɗe shi.

Na uku Masani. A wurinsa duk abin da aka rufe da fata kalangu ne. Bai san kowane kiɗa da mai shi ba: kalangu na mahauta da 'yan dambe, gangar noma ta manoma, garaya ta mafarauta, kakaki kuwa sai sarki. Wannan bai hana shi sharhi ba. "Ai tun da Shata ya rasu a 1999 kiɗa ya ƙare," in ji shi, alhali ƙafarsa na cikin fili. A wurin dambe zai juya baya yana ba na kusa da shi labarin Ɗan Anace da Shago kamar tare suka yi yawo. Yana cikin bayani sai fili ya ɗauki ihu, an yi kisa a turmin farko. Ya waiwayo yana tambaya, "Wa ya faɗi?" Gobe a ofis shi zai ba da labarin yadda aka yi.

Na huɗu Ustaz Mai Wucewa. Shi bai zo ba, hanya ce ta biyo da shi. Yana tsaye can nesa gindin ɗorawa, fuska a murtuke, yana girgiza kai saboda lalacewar zamani. Abin lura shi ne girgizar kan tana tafiya daidai da kiɗan, babban ɗan yatsan ƙafarsa kuma yana amshi a cikin takalmi. Wucewar tasa takan kai har a tashi. In kun haɗa ido sai ya ce, "Wani yaro nake nema." Allah ya bayyana yaron nan, an daɗe ana nemansa.

Na biyar Jarumin Gayya, wanda shi ba ya jiran kaka. An kira gayya gonar mai unguwa, ya zo cikin shadda don ya sa albarka. Gangar noma ta ɗauka, samari suka duƙa a layi, sai jinin kakanni ya motsa. Ya tuɓe riga, ya karɓi fartanya, makaɗi ya bi shi a baya yana zuga shi. Kafin ya kai rabin kunya hannu ya yi bororo, ƙugu ya riƙe, abin da ya sare na geron ya fi na ciyawar yawa. Ya ruga gindin gawo neman inuwa, bai san gawo da damina yake zubar da ganye ba. A nan aka kai masa fura cikin rana. Kwana uku a zaune yake salla, amma har gobe yana cewa, "Mu da muka yi noma."

Ta shida Hajiyar Kwatas, uwargidan ma'aikaci. An gayyace ta wunin biki ta ce za ta leƙa ne kawai, don ita ba ta saba da hayaniya ba. Ta zauna a kujera tana fifita da mayafi, tana kallon ƙwaryar da aka kifa a ruwa da ido ɗaya. Da masu amada suka ɗauko irin salon marigayiya Barmani Coge, sai aka ga jaka a hannun maƙwabciya, takalmi a gefe, ɗankwali ya koma ƙugu. Da magariba maigida ya aiko yaro har sau biyu. Ta dawo gida murya a dishe tana cewa, "Wallahi dole suka yi mini."

Na bakwai Mai Yawon Dam. Da zafin bazara ya kankama sai ya kwashi iyali zuwa Tomas ko Watari, madatsun ruwan da suka raya noman rani a yankin. Ya shimfiɗa darduma a kan hanyar shanu, ya buɗe kular shinkafa, ya ɗaga waya sama yana neman sabis don mutanen birni su ga yana hutawa. Masu ban ruwan tumatir da albasa suna kallonsa suna mamakin wanda ya ƙona mai don ya zo ya kalli ruwa. Masunta kuwa sun gane shi tun daga nesa: zai sayi tarwaɗa da tsadar da ta fi ta birni, ya tafi yana murnar ya samo ta a tushe.

Na ƙarshe shi ne Wanda Ya Fi 'Yan Gari. Wata shida da zuwansa ya sayi malfa da gora, ya san ranar kasuwar kowane ƙauye, yana gyara wa makaɗa tsarkiya, yana yi wa dattawa gardama a kan kirarin kakanninsu. Bikin da ba a gayyace shi ba ma shi ke raba goro. Da takardar komawa birni ta fito, shi ne ya bi ofis-ofis yana roƙon a soke ta.

Saboda haka, kai da takardarka ta fito bana, kada ka ce ba ka cikinsu. Mutanen gari sun zaɓa maka naka tun kana sauke kaya. Shawara uku ce: ka canza kuɗinka zuwa ƙanana kafin ka doshi fili, kada ka karɓi fartanyar da ba a miƙo maka ba, sunan kakanka kuma kada ka faɗa wa kowa, ko da mai shayi ne.