Ni Kaɗai Na Ji Kiɗan Kamun

Da aka sa ranar bikin ƙanwata, DJ ɗin unguwarmu ya yanka kuɗin da ya sa Yaya ya cire hula ya sosa ƙeya. Sai ni, karambanin akuya gai da kura, na ce a bar min. Ina da laftof cike da waƙoƙi, ga wata 'yar na'urar haɗa kiɗa 'yar kwatano da na saya wata uku da suka wuce, mai faifai biyu da maɓallai masu walƙiya. Maƙwabcinmu kuma ya ara mana sifikarsa, ƙatuwa mai taya da mariƙi kamar akwatin alhazai, wadda ba ruwanta da igiya, bulutut kawai. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, ka iya kuwa?" Na ce, "Gwaggo, ai duk danne-danne ne."

Duk sana'ar DJ a cikin hedifon take. Jama'a suna rawa da waƙar yanzu, shi kuwa kunnensa yana kan waƙar gaba. Yana neman inda zai shigo da ita, yana daidaita gudunta da na wadda ke tashi, sannan ya zuro ta a hankali, mai rawa bai ma san an sauya ba. In aka cire wannan leƙen asirin, ba shi da bambanci da yaron da aka ba wa waya aka ce ya riƙa canza waƙa.

Saura kwana biyu kamu na zauna gwaji. Sifika ta kama laftof, kiɗa ya tashi, na ji kaina ya ƙara girma. Ina soka hedifon sai sifika ta yi gum. Na zare, ta dawo. Na soka, ta ɗauke. Ashe 'yar na'urar tawa ba ta da katin sauti a cikinta. Umarni kawai take aikawa, laftof ke fitar da murya, shi kuma ƙofa ɗaya ya saba buɗewa. Na ga wani ƙaton maɓalli an rubuta masa CUE, na ce to ga maganin. Duk dannawa sai waƙa ta koma farko. Sau goma sha na ji gabatarwar "Jaruma" ta Hamisu Breaker a daren nan, har Umma ta aiko a tambaya ko faifan ne ya kakare. Sai wajen ƙarfe ɗaya ƙanena, ɗan aji biyar na sakandare, ya nuna min cewa CUE ɗin iri biyu ne. Babban na mayar da waƙa inda aka yi mata alama ne. Na hedifon ƙanana ne, suna tsakiya, kowane faifai da nasa. Wanda ya raɗa wa abu biyu suna ɗaya a kan na'ura ɗaya, Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Yaron ya shiga saitin manhaja ya raba aiki: kiɗan jama'a ya bi iska zuwa sifika, na leƙe ya bi igiya zuwa kunnena. Duka biyu suka yi magana. Nan ne kuma ainihin rigimar ta fito.

Bulutut ba ya miƙa sauti nan take. Sai ya matse shi, ya yanka shi ƙulli-ƙulli, ya aika, sifika ta tara ta kwance sannan ta furta. Wannan hidimar takan ci kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan. A baki ba komai ba ne. Amma waƙar da ke bugu 120 a minti, tsakanin bugu da bugu rabin sakan ne kacal, ka ga jinkirin ya cinye kusan rabin tazarar. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan, wato sifikar da ke gabana kamar an kai ta mita 70 ne aka ajiye. Duk wanda ya ga mata suna lugude ya san daɗin abin shi ne kowace taɓarya ta sauka a lokacinta. Nawa luguden na kishiyoyi ne da ba sa ga maciji. In na daidaita da abin da ke kunnena, sifika ta saɓa. In na bi sifika, waƙoƙin biyu su yi karo. Na shirya zama tsakanin yanzu da gaba, sai ga sifika tana kawo min labarin baya. Wai sunan bulutut ɗin ma na wani sarkin Denmark ne na ƙarni na 10, Harald, da ya haɗa kan mutanen ƙasarsa. Ni kunne da sifika ya gagara haɗa min.

Washegari na nufi kasuwar waya ta Farm Centre. Wani mai gyara ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Malam, sifikar ba ta da rami a baya?" Na ce ba ta amfani da igiya. Ya ce in ɗaga robar da ke bayanta. Na buga waya gida, ƙanena ya ɗaga, ga rami an rubuta AUX. Mai gyara ya ba ni wani kebul mai kai ɗaya da jela biyu, ya ja min kunne cewa ba irin wanda mutum biyu ke raba iyafis ba ne. Wannan yana tsaga sauti ne, ɓangaren hagu ya bi jela ɗaya, na dama ya bi ɗayar. In na kunna rabawa a manhaja, ɗaya ta ɗauki kiɗan jama'a, ɗaya ta ɗauki na leƙe. A daren komai ya zauna daram. Na kwanta ina tunanin sunan da zan buga a kati.

Ranar kamu rana ta kai kan teburina, sai na zare komai na koma ƙarƙashin rumfa na sake sokawa da sauri. Na saki Ado Gwanja, fili ya cika, guɗa ta tashi, aka fara liƙi. Na danna hedifon ya rufe kunnuwana biyu ruf. Da ma na sha ganin ƙwararru suna barin kunne ɗaya a waje, na ɗauka yanga ce.

Na ɗora waƙa ta biyu, na kashe CUE na farko, na kunna na biyu. Gwanja ya ci gaba a kunnena. Na ce cikin raina, cutar ta dawo. Na sunkuya kan laftof. Na murza faifai gaba, na murza baya. Shiru. Na canza waƙa, na sake canzawa, wajen takwas, kowacce sakan uku, har da wata waƙar Indiya da karatun wani darasi da ban san yadda ya shiga jakar ba. Na murɗa ƙarar hedifon har ƙarshe ko zan ji wani abu. Duk wannan ina gyaɗa kai ina taka rawa, don kada jama'a su gane akwai matsala, tunda dai kiɗansu yana tafiya lafiya.

Jelar na musanya. Kiɗan jama'a yana kunnena ni kaɗai. Duk laluben da nake yi a ɓoye shi ke fita ta sifika, da ƙarar da ta sa jarirai uku kuka.

Hannu na ji ya ɗaga min hedifon. Na ɗago. Mata sun fi ɗari a tsaye cak, wasu da kuɗin liƙi a sama, amarya ta yaye mayafi tana kallona. Gwaggo ta ce, "Sannu da rawa."

Ita ta fizge kebul ɗin. Ta kira wata jikarta, yarinya ta haɗa wayarta da sifika ta bulutut ɗin nan da na yi kwana biyu ina tsinewa, ta saki Barmani Choge. Fili ya sake rikicewa, babu wadda ta tambayi jinkirin kashi ɗaya cikin biyar na sakan. Gwaggo ta miƙo min bokitin ƙanƙara ta nuna min layin baya, ta ce ba su samu zoɓo ba.