Bayani a Kan Karen Buldok da Abin da Ya Jawo wa Wani Malami a Batsari

Buldok nau'in kare ne da aka samar a Ingila domin wasan cizon bijimi, wato wasan da ake ɗaure sa a turke a sako masa karnuka su kama shi ta hanci, kuma tun da majalisar dokokin Birtaniya ta haramta wannan wasa a 1835 karen ya rasa sana'a, sai masu kiwonsa suka koma gyara masa kama, suna zaɓen masu gajeren hanci da faɗin ƙirji suna haɗa su, har aka wayi gari fuskarsa ta lotsa ciki, fatarta ta yi naɗe-naɗe, haƙoran ƙasa suka tsere wa na sama. Abin da aka samu shi ne dabba mai nauyin kilo 25, wadda ganinta kaɗai yakan sa ɓarawo ya sake shawara, amma wadda ba za ta iya bin ɓarawon daga zaure zuwa bakin titi ba sai ta zauna ta huta.

Dalilin wannan gazawa yana cikin hanci. Kare ba ya gumi sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, saboda haka da haki yake fitar da zafin jikinsa, wato saurin shaƙa da fitar da iska ta kan jiƙaƙƙen harshe da hanyoyin hanci, kuma gwargwadon tsawon hancin gwargwadon sanyin da ake samu. Buldok kuwa an gajarta masa ƙashin fuska ba tare da an rage naman da ke ciki ba, don haka ƙofofin hancinsa matsattsu ne, kuma lallausan naman da ke ƙarshen ganɗarsa ya yi tsawo har yana toshe bakin maƙogwaro, wanda shi ne asalin minsharin da yake yi ko idonsa biyu. Wani bincike da aka buga a Birtaniya a 2020 ya nuna cewa haɗarin bugun zafi ga buldok ya ninka na karen Labrador sau 14, wani kuma na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ya ƙiyasta a 2022 cewa tsawon ransa bai wuce shekara 7.4 ba a matsakaici. An tattara waɗannan alƙaluma ne a ƙasar da digiri 30 yake zama labarin jarida, alhali a Batsari da Safana ranar watan Afrilu takan haura digiri 40 ba tare da kowa ya fasa zuwa kasuwa ba.

Garuruwan biyu, da ke bakin dajin Rugu a yammacin Jihar Katsina, sun san kare tun kaka da kakanni, sai dai karen da suka sani na farauta ne da na kiwo, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki da dogon hanci, wanda yake ci daga abin da ya saura, ya kwana inda dare ya same shi, kuma littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan yankin, irin su Risala, sun yarda da ajiye shi ne domin gona ko dabbobi ko farauta. A ƙarƙashin hujjar gadi, a shekarun da rashin tsaro ya sa kowane magidanci yake neman abin da zai yi haushi da dare, wani buldok mai suna Janar ya iso gidan wani malamin firamare a Batsari, bayan Baturen da ya mallake shi ya bar ƙasar ya bar wa direbansa, direban kuma, wanda yayan malamin ne, ya gano cewa zumunci ya wajabta masa yin kyauta. Karen ya riga ya haura shekara takwas, wato ya ci rabonsa na alƙaluman Landan har ya shiga bashi. Yana da amosanin gaɓɓai, wanda shi ne ciwon mahaɗar ƙashi da ke hana tsoho tashi da sauri, jinsa ya ragu, kuma umarnin da likitan dabbobi ya bayar ta waya ya haɗa da shimfiɗa mai laushi, da goge naɗe-naɗen fuska a busar da su kullum don kada su ruɓe, da rage abinci don kada ƙiba ta ƙara danne numfashi, da hana shi fita sai da asuba ko bayan magariba, da kuma kashedin kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane kamar ibuprofen, wanda yake lalata wa kare ciki da ƙoda. Cikin ɗan lokaci aka daina tantance wanda yake gadin wani a gidan, domin malamin ne yake tashi da dare ya duba ko Janar yana numfashi.

Abin da ake bayani a kansa ya auku ne ranar wata Alhamis ta bazara, ranar kasuwar Batsari, bayan azahar, lokacin da Janar ya bi ƙadangare taku kaɗan a tsakar gida, sannan ya zube, harshe waje, dasashi ya yi jawur. Zafin jikin kare lafiyayye yana tsakanin digiri 38 da 39, kuma idan ya haura 41 kayan ciki sukan fara lalacewa, don haka ƙa'idar likitoci ita ce a fara sanyaya shi nan take kafin a yi maganar kai shi ko'ina. Randa ta ƙafe, mai ga-ruwa bai zo ba, wuta kuma ba a maganarta. Malamin ya sunkuci karen ya saka a baro, ya fizgi maficin matarsa daga kan gado, ya tura zuwa famfon tuƙa-tuƙa da ke bakin hanyar kasuwa, inda ya tuɓe kaftaninsa ya rataya a reshen bedi don ƙara inuwa, ya rage daga shi sai shingileti, ya durƙusa yana kwara wa karen ruwa a ciki da hammata da matsematsi yana yi masa fifita.

Taron da ya kewaye baron ya cancanci nazari na musamman, domin a cikinsa aka ga yadda ilimi yake yaɗuwa a inda babu mai tambaya. Wani mai rogo ya fara da tabbatar wa jama'a cewa wannan ba kare ba ne, ɗan alade ne da aka yi wa aski, aka kuwa ja da baya taku biyu har sai da Janar ya yi wani gurnani da ya wanke shi daga zargin. Wani tsohon mafarauci ya duba fuskar da kyau, ya yanke hukuncin cewa tun yana kwikwiyo ya yi karo da bango, kuma da an kawo masa shi da wuri da ya ja hancin ya dawo daidai, amma ko yanzu a gwada barkono a cikin fura, domin kare ba ya kwanciya sai zuciyarsa ta mutu. Wata dattijuwa ta ce iska ce, a turara masa sabara, a kuma daina kiran sunansa da tsakar rana. Wani saurayi ya kawo buhu ya ce a jiƙa a lulluɓe shi ruf, wadda ita ce shawarar da ta fi kama da hankali kuma ta fi haɗari, saboda lulluɓi yana tare zafin ne ya hana ruwan bushewa. Amma wanda ya fi kowa natsuwa shi ne wanzami, da ya ajiye zabirarsa ya kara kunne kusa da bakin karen, ya saurari minsharin na ɗan lokaci, sannan ya ɗago ya ce, "Malam, belu ne ya sauko mashi. Riƙe mani shi, yanzu in cire." Adalci ya wajabta a rubuta cewa kare ba shi da belu ko kaɗan, kuma ya wajabta a ƙara da cewa aikin da likitocin Turai suke yi wa buldok da kuɗi masu yawa shi ne rage tsawon naman da ke daidai wurin da wanzamin ya nuna da yatsa, ta yadda sarkin askan ya kuskure ilimin halittar jiki gaba ɗaya amma ya dace da adireshin cutar.

A daidai wannan lokaci ne surukin malamin, wanda ya taso daga Safana tare da ƙanensa da wani limamin unguwarsu don cin kasuwa da duba 'yarsa, ya ga taro ya ratso ya tsaya a bayan baron. Kunyar suruki a ƙasar Hausa tsari ce mai dokoki, wadda ta haɗa da cire takalmi daga nesa, da durƙusawa, da sunkuyar da kai, da cikakkiyar sutura, kuma malamin ya cika sharaɗin durƙuso ne kaɗai, shi ma ba don surukin ba. Bai waiwaya ba, saboda hankalinsa yana kan ƙirjin karen, yana fifita yana lallashi da muryar da ake yi wa babban mutum jinya, yana cewa, "Sannu, ranka ya daɗe. Sannu, Allah ya ƙara sauƙi." Dattijon, da ya ga surukinsa a durƙushe ya kuma ji gaisuwa, sai ya amsa da cewa, "Yawwa, Malam, mun same ku lafiya?"

Masu riwaya sun yi saɓani a kan abin da ya biyo baya, ko da yake saɓanin nasu a kan adadi ne, asalin aukuwar kuwa babu mai musunta ta. An haɗu a kan cewa malamin ya juyo a durƙushe, ya ga rawani, ya ga limami, bakinsa ya buɗe bai ce komai ba, kuma hannunsa na dama, wanda bai samu labarin canjin yanayi ba, ya ci gaba da aikinsa, sai dai yanzu maficin yana fuskantar dattijon. An kuma haɗu a kan cewa maficin jiƙe yake da ruwan famfo da kuma wani abu mai yauƙi da ya fito daga bakin Janar, kuma ɗigon farko ya sauka ne a kan farar babbar riga, na biyu a gemu. Mai rogo ya ce kaɗawa biyu aka yi, yaron da ke tuƙa famfon ya rantse ta kai biyar, marubucin wannan bayani kuwa, wanda yake da kusanci da malamin fiye da yadda zai so, yana da hujjar cewa hannun bai tsaya ba sai da limamin ya riƙe shi. Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne maficin yana cikin kayan ɗakin da aka kawo daga Safana ranar biki, surukar malamin ce ta saƙa shi da hannunta, kuma akwai ƙarar da ta taɓa isa Safana cewa a duk tsawon laulayin cikin fari ba a taɓa ɗaga shi an yi wa mai shi fifita ba. Dattijon ya dubi maficin ya gane shi, ya dubi shingiletin, ya dubi baron, kuma a cikin shirun da ya biyo baya Janar, wanda sanyi ya fara ratsawa, ya saki wata doguwar iska ta ɗaya ƙofar, wadda ita ce kaɗai hanyar iska a jikinsa da masu kiwon Ingila ba su matse ba.

Malamin ya ce, "Baba, sannunku da zuwa," dattijon ya share gemunsa da bakin rawani ya ce, "Ya mai jikin?" Limamin ya fara bayani a kan cewa a mazhabar Malikiyya yawun kare mai rai ba najasa ba ne, bayanin da yake daidai ta fuskar fiƙihu amma bai rage wa kowa komai ba, wanzamin kuma ya matso ya gaida baƙin, ya nemi dattijon, a matsayinsa na babba, ya sa baki a bar shi ya yi aikinsa, ya ƙara da cewa idan an haɗa da ƙaho zai yi ragi.

Janar ya miƙe kafin la'asar, ya sha ruwa, ya ƙi taka ƙasa saboda zafinta, aka mayar da shi gida a baron, baƙin Safana suna biye a baya. Alhamis ta gaba wani direban motar kasuwa ya kawo saƙo daga Safana, mafitai biyu sababbi a ɗaure da igiya, tare da bayanin cewa babban na majinyacin ne, ƙaramin kuma a taimaka a riƙa gwada shi a kan ɗiyarsu idan an samu sarari.