Masu Kallon Dorina

Bayan sallar asuba muka tashi daga Gaya, bas guda, rabinmu 'yan Ajingi, muka bi ta Dutse da Birnin Kudu da Ningi har Bauchi, sannan Yankari. Dorina muka je gani. Kowa a cikinmu ya san ɗanɗanon fatarta tun yana makarantar allo, amma ba wanda ya taɓa ganin mai fatar.

Akwai Alhajin da yake ganin tunda ya biya kuɗin shiga, dabbobin ma ya saya. Ko minti biyu ba mu yi a bakin kogin Gaji ba ya dubi jagora: "Yaro, a fito mana da ita mana, muna da hanya a gaba."

Amma gwanina shi ne Masani. Iyakar ruwan da ya sani shi ne na ƙarƙashin gadar Wudil, sai dai kakansa maharbi ne, kuma tun daga ƙofar Mainamaji kakan nan ya shigo motar ya zauna a tsakaninmu. Jagora ya ce a 1956 aka keɓe dajin, aka buɗe shi ga jama'a a 1962. Masani ya gyaɗa kai: "Yanzu nake shirin faɗa." Jagora ya ce dorina kan yi kamar minti 5 a nitse. Masani ya ce ta zamani ke nan, ta lokacin kakansa kwana bakwai take yi. Can sai ya damƙe hannuna, ya yi ƙasa da murya: "Ga ta can! Namiji ne ma, dubi ƙeya." Muka ƙura ido, har numfashi muka riƙe. Da shirun ya yi yawa jagora ya ce, "Baba, dutse ne." Ko gezau. "To ai a nan take kwanciya."

Samarin waya kuwa baya suka juya wa kogin. Da dorinar ta taso, kunnuwa ƙanana suna karkaɗawa, hanci ya feso ruwa, su fuskokinsu suke gyarawa. Wani malami tambaya ɗaya ce ta dame shi: "Tana yankuwa kuwa?" Wata Hajiya ta rufe ido da mayafi tana ta salati, daga baya ita ta fi kowa ba da labari.

Duk waɗannan na yafe musu. Wanda ban yafe wa ba shi ne mai jifa. An gaya mana da dare take kiwo, rana lokacin hutunta ne, kuma mai ɗa ba ta da wasa. Shi ko gani ya yi ta cika kwanciya, ya ɗaga robar ruwansa ya wurga mata don ta motsa. Ta motsa ɗin: ta nitse, ba ta sake fitowa ba. Tafiyar wuni guda, abin da aka bar mu muna kallo roba ce tana yawo a kan ruwa, shi yana dariya shi kaɗai.

Da yamma a bakin ruwan ɗumi na Wikki na zauna ina rubuta laifuffukan kowa. Ni ne na yi ta gargaɗi tun a mota cewa a ɓoye guzuri saboda birai. Ina cikin rubutu wani gwaggon biri ya zo a natse, ya ɗauke ledar gurasata daga kan cinyata, ya koma gefe ya kwance ƙullin kamar shi ya ɗaura. Na ɗago ido, sai ga Masani tsaye a kaina.

"Malam, yanzu nake shirin faɗa maka."