Ire-iren Masu Neman Masauki Mai Arha

Da zarar an gama girbin gero a ƙasar Arewa, wajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, samari da magidanta na Sukukutane da Matankari da Tibiri sukan gangara Dogon Dutsi su hau motar Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 250, ko su tsallaka iyaka su nufi Sakkwato da Kano, wasu ma har Kwatano da Abijan. Wannan shi ne cin rani, wato barin gida a lokacin da gona ba ta buƙatar hannu, don a nemo kuɗi kuma a rage wa rumbu baki. Tun kafin a yi maganar aiki, abin da ke fara tarar baƙo a birni shi ne wurin kwana, kuma a nan ne halayen mutane ke rarrabuwa zuwa wasu rukunoni da duk wanda ya taɓa raba tabarma da su zai shaida.

Akwai mai bin diddigin arha, wanda zai sauka a tashar Wadata da la'asar, a faɗa masa kuɗin ɗaki ya ce an raina masa hankali, sannan ya ɗauki kabu-kabu, wato babur na haya, ya zagaya Bukoki da Zango da bayan Katako yana taya ɗakuna, har ya samu ragin dala ɗari bayan ya kashe jika guda a kan hanya. Idan aka nuna masa lissafin, sai ya ce shi dai bai yarda an cuce shi ba. Kusa da shi akwai mai kwanan tasha, wanda ya gano cewa kamfanonin manyan motoci suna barin fasinjan asuba ya kwana a rumfarsu, don haka ya zama fasinjan gobe na dindindin. Ɗan zumunci kuwa bai san ana biyan kuɗin kwana ba, domin yana da lambar wayar wani ɗan garinsu mai shayi, kuma "kwana biyu kawai, Yaya" da ya roƙa yakan kai faɗuwar ruwan farko.

Wanda ya fi cancantar dogon nazari shi ne masanin birni. Shi wannan ya taɓa zuwa Abijan sau ɗaya, shekaru da dama da suka wuce, kuma tun daga lokacin ya ɗauki kansa jagoran duk wani ayari da ya tashi daga Arewa, ko an naɗa shi ko ba a naɗa shi ba. Tun mota ba ta kai Doso ba zai karɓi ragamar zance, yana bayyana cewa ya san wani gidan baƙi mai fanka da famfo da ba kowa ya san shi ba, mai shi kuma amininsa ne, ba ya karɓar kuɗinsa sai da faɗa. Sai a bi shi da buhuna a ka, a shiga lungu a fita lungu, yana gaba yana gaida mutanen da ba su san shi ba, har a iso a tarar gidan ya daɗe da zama shagon siminti. Wannan ba ya rage masa komai, domin nan take zai ɗora laifin a kan lalacewar zamani, ya kai jama'a wani ɗaki na mutum goma mai taga ɗaya, inda fankar ke juyawa ba tare da ta motsa iska ba, ya zaɓi katifar da ke kusa da ƙofa bisa hujjar tsaro, ya kuma kwana yana bayanin yadda kuɗin cizon Abijan ya fi na Yamai girma da tarbiyya. Da safe, idan aka zo haɗa kuɗi, yakan zama yana alwala.

A cikin ɗakin ma ba a rasa ƙananan gwanaye. Mai waya yakan mallake ramin caji guda ɗaya da ke bango, ya kira gida ƙarfe biyu na dare don an ce kira ya fi arha, ya tambayi lafiyar kowace akuya da sunanta. Mai minshari shi ne yake fara tashi ya yi ƙorafin cewa bai runtsa ba. Mai tsoron ɓarawo yakan ɗaure kuɗinsa a ƙugu, ya farka sau da yawa ya ƙirga su da ƙarfi, ta yadda kafin asuba kowa ya san abin da ya mallaka. Akwai kuma wani shiru-shiru da ke kwance a lungu yana lura da kowa don ya rubuta su daga baya, alhali shi ma arhar ce ta kawo shi, kuma bai taɓa sayen maganin sauro da kuɗinsa ba.

Duk waɗannan ana iya haƙuri da su, har a yi kewarsu. Wanda ba shi da uzuri shi ne mai sulalewa kafin kiran salla. Saukar baƙi a zangunan Hausawa ta ginu ne a kan mai gida ko fatoma, wato mazaunin birni da ke ba baƙo ɗaki, ya ajiye masa kuɗi da kaya, ya tsaya masa a ciniki, tsarin da Abner Cohen ya bayyana a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan. Jarin wannan tsari amana ce, kuma sunan gari ake ba bashi, ba sunan mutum ba. Mai sulalewa yakan yi mako uku yana cewa "Alhaji, sai an biya mu," ya ci tuwon gidan, ya ari bargo, sannan ya ɓace da bashin da bargon. Shi ya tsira, amma yaron da zai zo bayansa karon farko, da guzurin da uwarsa ta sayar da tunkiya ta haɗa masa, da zarar ya ambaci garinsu za a ce masa ɗaki ya cika, ko a nemi kuɗin wata guda a hannu, kuma ba shi da su.