Yadda Ake Kai Kaka Facebook

Saurayin Gusau, Tsafe ko Bunguɗu da ka tashi da waya a hannu, wannan naka ne. In ka tono tsohuwar kwamfutar nan mai ƙeya a ɗakin ajiyar Baba, ko ka saye ta a hannun mai shagon buga takardu, to ka yi kaka. Wasan jika da kaka halal ne, amma da ladabi.

Na farko, wanka, ba da ruwa ba. Zare wuta, kwance murfin akwatin, ka bi fanka da burushi mai laushi. Ƙurar hunturun shekara ashirin za ta yi maka maraba, wataƙila har da gidan zanzaro. Shi kuwa gilashin mai ƙeya, kada ka buɗe shi, yana riƙe wuta mai haɗari ko a kashe yake.

Na biyu, in ta farka ta ce yau 2002 ake, kada ka yi mata musu. Ɗan zagayayyen batirin nan ne, CR2032, ya mutu. Sauya shi ka gyara mata kwanan wata, domin shafukan zamani ba sa buɗe wa mai agogon ƙarya.

Na uku, saurari labarinta. Kwashe hotunan suna da na biki da takardun makaranta kafin ka taɓa komai. In ka ga faifan filofi, gaishe shi kawai: megabait 1.44 yake ɗauka, hoto ɗaya na wayarka ya fi ƙarfinsa.

Na huɗu, sabuwar sutura. Windows XP ta fito a 2001, Microsoft ta daina kula da ita a Afrilun 2014, don haka fita intanet da ita gayyatar ɓarayi ce. Sa mata Linux mara nauyi, irin antiX ko Puppy, ka ƙara mata RAM gwargwadon abin da za ta iya ɗauka.

Na biyar, wuta. Nema mata sitabilaiza, don kaka ba ta son a tashe ta a firgice.

Na shida, fita unguwa. Haɗa wayarka da ita ta igiyar USB, ka kunna raba data. Danna Facebook, sai ka je ka ɗora shayi. Kafin ya tafasa, in Allah ya yarda, shafin ya buɗe. Kada ka tambaye ta bidiyon TikTok, ƙafarta ba ta gudu. Ka ba ta rubutu, nan ne gwanintarta, yatsu goma a kan madannai masu ƙara.

A jikinta za ka taɓa RAM da hard disk da hannunka, ka gane abin da waya ke ɓoye maka. Don Allah kada ka auna ta a sikelin 'yan jari-bola. Gyara ta, ka kira ƙannenka su koya.