Babba Ba Ya Makara, Sai Dai a Riga Shi Zuwa

Masu cewa Bahaushe bai san lokaci ba, ko dai ba su taɓa yin azumi a ƙasar Hausa ba, ko kuma sharri kawai suke son yi mana. A zo a kalli magidanci da yammacin Ramadan: tabarma a shimfiɗe tun saura kwata, an zuba kunun tsamiya an fifita, ƙosai a gefe, dabino a tafin hannu, kunne ɗaya a masallacin unguwa, ɗaya a rediyo. Idan ladan ya kuskura ya ƙara minti biyu, kafin a idar da Magariba an kafa masa kwamitin bincike. Mutumin da ke gane jinkirin minti biyu ba tare da ya duba agogo ba, shi za a ce bai san lokaci ba?

Haka ranar da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidan kallo ya cika tun 'yan wasa suna motsa jini. Ɗaurin aure ma kati ya ce sha ɗaya, ka iso sha ɗaya da minti biyar ka tarar an shafa fatiha, maroƙi ya sanar, ana neman takalma. Ranar tantance ma'aikata kuwa, wadda duk wanda bai zo ba za a sa shi cikin na bogi a tsayar masa da albashi, har waɗanda ofis bai ga ƙeyarsu ba tun bara za ka gani a layi da duku-duku, da takardar ɗaukar aiki a cikin leda.

Ashe lokaci mun san shi sarai. Gwanintarmu ita ce tantance na wa za a kiyaye, na wa kuma za a yi wadaƙa da shi. In asarar a kanmu za ta faɗa, ba mai riga mu. In a kan wani ce, ai sannu ba ta hana zuwa.

A wurin aiki abin har tsani gare shi. Mai shara da masinja su ne na bakwai da rabi. Akawu ya shigo tara, shugaban sashe goma, darakta kuwa sha ɗaya, shi ma don ya ji ƙishin-ƙishin babban sakatare zai leƙo. Duk matakin albashin da mutum ya hau, ana ƙara masa rabin awa na barci, ko da ba a rubuta a takardar ƙarin girma ba. Babban mutumin da ya zo taro a kan lokaci ya jawo wa kansa magana: "Lafiya kuwa? Ko an sauke shi ne?" Shi ya sa za ka ga wani ya iso da wuri bisa tsautsayi, ya sa direba ya raɓe da mota a ƙarƙashin darbejiya a bayan layi, yana tura yaro ya leƙo masa ko zaure ya cika. Sai jama'a sun gaji, sun fara hamma, sannan ya shigo ana miƙewa ana kirari.

A takarda dai aikin gwamnatin tarayya daga takwas ne zuwa huɗu, kuma littafin sa hannu shaida ne cewa ba a taɓa saɓawa ba. Ni ban san wani littafi mai tarin karamomi irinsa ba. Malam zai iso goma da minti ashirin, ya duba layin da ke sama ya ga 7:58, ya rubuta 7:59. Na bayansa ya rubuta 8:00. Daga nan agogo ya tsaya cak, duk wanda ya biyo baya 8:00 ya zo. In ka bi ta littafin, mutum arba'in sun shigo ta ƙofa ɗaya a minti ɗaya, ba a yi turmutsutsu ba, ba wanda ya taka wani. Ranar da wani sabon ɗauka mai tsoron Allah ya rubuta ainihin lokacin da ya zo, ya ɓata wa duk na bayansa lissafi, sai an ja shi gefe: "Kai yaro, wa ya aike ka?" Inda aka kawo na'urar dangwala yatsa kuma, mako biyu take yi ta kamu da wata cuta da ba a gane kanta ba. In ta yi taurin rai, sai a dangwala mata da safe a juya a kai yara makaranta, a biya kasuwa a yi cefane, a dawo da yamma a sake gaisawa da ita.

Wanda ke biyan kuɗin wannan wasa yana zaune a benci. Dattijo ne, ya yi sammako daga ƙauye yana bin haƙƙinsa na fansho, kuɗin motar ma rance ya yi.

"Ranka ya daɗe, mai teburin nan fa?"

"Yana nan, Baba. Ba ga hularsa ba?"

Hular kuwa tana nan, zanna bukar ce mai kyau, a kife a kan fayil, ga tabarau a gefe, fanka tana juyawa a sama. A duk ginin babu ma'aikacin da ya kai hular nan zuwa aiki. Mai ita ya fita "yanzu-yanzun nan", daga can ya zarce Azahar. Raka'a huɗu ce, har da alwala da nafila ba ta wuce kwata ba, amma tsakanin masallaci da ofis akwai mai shinkafa da wake, akwai majalisar da ke gyara siyasar ƙasa a gindin bishiya. Uku saura kwata ya dawo yana sakace, ya dubi dattijo da tausayi na gaske ya ce, "Ayya Baba, ai da ka zo da wuri. Yanzu lokaci ya ƙure, sai dai gobe." Sai ya tuna gobe Juma'a ce. "Ko dai ka bari sai Litinin, don kada ka wahala."

Wani zai ce ai wannan aikin gwamnati ne, ba na uban kowa ba. To mu shiga kasuwa, inda dukiyar ta uban wani ce. Ka yi alkawari da ɗan kasuwa a Kantin Kwari ko Singa, ya ce a haɗu bayan La'asar. Ba za ka taɓa kama shi da ƙarya ba, domin Isha ma bayan La'asar take, jibi ma haka. Ka kira shi a waya ya ce, "Ga ni nan a hanya, go-sulo ne ya riƙe ni," alhali kana jin ƙarar bokitin wanka, ga zakaran gidansa yana ba da shaida daga baya. Kai ma da kake kiran ba ka bar gida ba. Kowa ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi, kowa ya ƙara awa ɗaya a kan abin da aka faɗa, shi kuma wancan ya san ka ƙara, sai ya ƙara a kan ƙarin.

Sarkin wannan fage dai tela ne, ba mai ja da shi. Ka kai masa shadda tun Sha'aban, ya auna ka yana cewa, "Haba Alhaji, kai da za ka karɓa kafin azumi ya raba?" Daren Sallah ka je ka hango shaddarka a cikin ledarta a ƙarƙashin tulin kaya, ko almakashi bai shaƙi ƙamshinta ba. Wayar oga a kashe, yaron shago ya ce ya je sayo zare. Rana ba ta ƙarya, sai dai a wannan karon ba uwar ɗiya ce ke jin kunya ba, kai ne za ka je Idi da rigar bara. Amma a yi adalci, tela ba mugu ba ne. Ciwonsa ciwonmu ne duka: bakinsa ba ya iya furta "ba zan iya ba". Ya san ƙarfinsa ɗinki talatin ne, ya karɓi sittin, domin na talatin da ɗaya surukinsa ne, na arba'in limamin unguwa ne, na hamsin kuma ya zo ranar ashirin da bakwai ga wata yana haɗa shi da girman Allah. Mayar da mutum da kayansa abin kunya ne na yau, saɓa alkawari kuwa abin kunya ne na wata mai zuwa, don haka muke zaɓen na nesa.

Shi ma Alhaji mai shago ba shi ke tsara yininsa ba, jama'a ke tsara masa. Ɗaurin aure uku, suna ɗaya, dubiya a asibiti, ta'aziyya a bayan gari. Ban ce a daina ba. A kasuwar da ake ba da kayan miliyoyi bashi da fatar baki, ba takarda ba lauya, zumunci jari ne, kuma wanda ba a ganinsa a jana'iza ba zai daɗe ana ba shi kaya ba. Wanda nake magana a kansa shi ne mai "na zo wucewa ne na ce bari in leƙo". Wucewar tasa takan kai har a kawo abincin rana. A tambayi gida, a tambayi iyali, a tambayi gajiya, a tambayi sanyin da ya wuce wata uku, a koma kan gida kuma, mai saye yana tsaye da kuɗinsa a hannu har ya gaji ya matsa shagon gaba. Da yamma Alhaji ya yi tagumi ya ce kasuwa ta mutu, gwamnati ta kashe ta.

Maganin da manyan kamfanoni da ma'aikatu suka gano shi ne taron bita. A kama zaure a otal, a ɗauko masani daga Abuja ko Legas da majigi, a rubuta a ƙyalle cewa za a koyar da kiyaye lokaci, ƙarfe tara daidai. Sha biyu saura a fara, saboda ana jiran babban baƙo na musamman, wanda daga ƙarshe wakili ya aiko. Mai gabatarwa ya kwashe minti arba'in yana kiran manyan baƙi zuwa babban teburi, kowa da saraututtukansa. Duk wanda ya karɓi abin magana ya fara da "ba zan ja ku da nisa ba", ya ja mu har inda ba mota. Shi masanin da aka tara mu dominsa, a raɗa masa cewa ya taƙaita a minti goma, abinci ya iso.

Cikin minti goman zai ba da labarin wani Ba'italiye, Francesco Cirillo, wanda a ƙarshen shekarun 1980 ya ɗauki agogon kicin mai siffar tumatir ya ƙirƙiro tsari: ka yi aiki minti 25 ba waya ba hira, ka huta minti 5, ka sake komawa. Dabara ce mai kyau, sai dai bawan Allah bai faɗi abin da za ka yi ba idan kawunka ya yi sallama a minti na bakwai. Sannan masani ya kawo misalin Japan, inda a Nuwamban 2017 kamfanin jirgin ƙasa na Tsukuba Express ya nemi afuwar jama'a don jirginsa ya tashi daƙiƙa 20 kafin lokaci. Sai zaure ya kaure da dariya, wani daga baya ya ce, "Lallai waɗannan ba su da matsala a rayuwa." A raba takardar shaida da kuɗin mota, gobe kowa ya makara saboda gajiyar bita.

Hukuma ma ta gwada ƙarfinta. A watan Maris na 1984 gwamnatin Janar Buhari da Tunde Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka riƙa sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo, manya da furfurarsu. An yi ta zuwa da wuri, gwiwoyi sun shaida, amma da sojan ya bar bakin ƙofa aka koma gidan jiya. A Fabrairun 2020 Gwamna Babagana Zulum na Borno ya yi dirar mikiya a wata firamare a Maiduguri da shida da rabi na safe, ya tarar da malama ɗaya, 'yar asalin jihar Abia, ta riga ta iso. Ya ba ta naira dubu 100, aka kuma ƙara mata girma, labari ya karaɗe ƙasa. Ta cancanta, Allah ya ƙara mata. Amma a lura da inda muka kai: ma'aikaci ya je aiki da wuri, ya zama kanun labarai. Kaduna kuwa a Disamban 2021 ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu a mako, wasu ma'aikatan a wasu jihohin suka yi ta mamakin yadda har yanzu ake samun masu yin huɗu cur.

Masu kiyaye lokaci na gaskiya ba a taɓa kai su otal ba. Mai ƙosai ta hura wuta tun kafin assalatu, don ta san in ɗan makaranta ya wuce, ya wuce ke nan. Mai shayi ya dafa ruwa kafin a fito masallaci. Dillalan kayan gwari a 'Yankaba sun gama rabin cinikinsu kafin darakta ya juya kwanciya, domin tumatir ba ya jin "sai gobe". Ba wa'azi aka yi musu ba, makararsu daga aljihunsu ake cire ta. Su manyan ma haka suke in an taɓa nasu. Tun da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ya fara aiki a 2016, an sha ganin mutumin da ke shanya jama'a awa uku a ofis ya tattare babbar riga yana sassarfa a tashar Rigasa, jaka a hannu, yana haki, saboda jirgi ba ya tambayar matakin albashi.

Saboda haka ba na ba da shawarar a sayo agogo, kowa yana da biyu, na hannu da na waya. Roƙona ɗaya ne ga mai karatu. In a ofis kake karanta wannan, kuma na san a ofis ɗin kake, ɗaga kai ka dubi benci. Dattijon can tun tara yake zaune, sa hannunka kawai yake jira, kuma motar garinsu ta ƙarshe ƙarfe huɗu take tashi.