Miloniya Iri-Iri

Kalmar miloniya daga Turanci muka aro ta, su ma Turawan Ingila daga Faransanci suka ɗauko. Ma'anarta mai miliyan, shi ke nan. Ba ta faɗi miliyan ɗin mene ne ba, ta wannan ƙofar kuwa kowa ya kutsa.

Akwai miloniyan da. A 1973, da naira ta fito, ta fi dala daraja, mai miliyan guda kuwa maroƙa sun haddace sunan kakansa. Yau naira miliyan ba ta kai dala dubu ba, ko rabin kujerar Makka ba ta biya.

Sai miloniyan dole. A 2009 Zimbabuwe ta buga takardar kuɗi ta dalarta tiriliyan 100. Kowa ya wayi gari attajiri, burodi kuma ya gagara.

Na takarda shi ne wanda mujallar Forbes ke ƙirga wa dukiya, tun 1987 take jera biloniyoyin duniya. Arzikinsa hannun jari ne. Irin su Elon Musk kan yi asarar biliyoyi kafin la'asar, su ci tuwon darensu lafiya lau.

Wanda ya fi ba ni tausayi miloniyan wata uku ne: ɗan fansho da aka biya kuɗin sallama. Alat na shigowa ya zama Alhaji. 'Yan'uwan da suka manta lambarsa duk sun tuna, dillalin fili na sallama, dillaliyar aure na jiran uwargida ta fita unguwa. "Ranka ya daɗe, kai fa yanzu ba yaro ba ne!" Kafin damina ta kama, ya koma layin bashi wajen mai shago, da amarya a ɗaki.

Na Facebook ba ya buƙatar dogon bayani: mota ta maƙwabci, shadda ta aro, data ta bashi.

Na gaske kuwa, je ka kasuwar Dawanau ka nemo shi in za ka iya. Silifas ɗinsa ya sha ɗinki, wayarsa an ɗaure ta da roba, sito uku cike da riɗi. Ka ce, "Alhaji, ya kasuwa?" Ya yi ajiyar zuciya: "Ana dai lallaɓawa." Tirela biyu na lodi a bayansa, shi kuwa yana can yana rigima da mai shayi a kan canjin naira hamsin.